Hayaƙin bola, ruwan Ginzo da buhun gawayi: muhawara a zauren 'yan unguwa

Maman Sadik:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma ba faɗa nake nema ba. Wai wa ya ce bayan magariba ne lokacin cinna wa bola wuta? A layinmu, can wajen Ƙofar Sauri, kusan kullum sai an yi. Da dare iska ba ta motsi, sai hayaƙin ya kwanta a tsakar gida, warin leda da roba da famfas ɗin yara har cikin ɗaka. Yarona yana da asma, jiya a zaune muka kwana. Da safe na aika a yi wa maƙwabcinmu magana, ya ce a tambaye ni, in bai ƙona ba ina zai kai ta? Na rasa abin ce masa, shi ya sa na kawo nan.

Kwamared Auwal:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Amma fa maƙwabcinki bai yi ƙarya ba. Tun 1987 da Katsina ta zama babban birnin jiha gari yake faɗaɗa, gidaje sun tsallake ganuwa, ta wani ɓangaren har sun haɗe da Batagarawa. Mutane sun ninka, shara ta ninka, wurin zuba ta bai ƙaru ba. Wanda ba a ajiye wa mazubi ba, ba a turo masa mota ba, da wane baki za a ce masa kada ya ƙona? Wannan aikin hukuma ne. A daina ɗora wa talaka kayan da ba nasa ba.

Baba Duba-gari:
Auwalu ɗana, kullum kai da hukuma. Ni na yi aikin duba-gari har na ajiye, bari in gaya maka abin da ya sauya, don ba yawan mutane kaɗai ba ne. Sharar da ba irin ta yanzu ba ce. Da mi ake sharewa a gida? Toka, kashin awaki, ƙaiƙayi, karan dawa, ɓawon gyaɗa. Wannan a wurin manomi taki ne. Da bazara za ka ga jakuna da mangala a bakin juji, har roƙo ake yi a bar wa mutum ya kwashe ya kai gona. Juji ba ya shekara. Cefane kuwa a kwando ake yi, mai a kwalba, fura a ƙwarya, tsire a takarda. Yau ka sayi barkono ɗan kaɗan a ƙulla maka a leda, a jefa ledar cikin wata leda. Koko a leda, manja a leda, ruwan sha a leda. Ita kuwa ba ta ruɓewa, ƙasa ba ta cin ta.

Sannan mu a lokacinmu har cikin gida muke shiga, da sallama da izinin maigida. Mu leƙa randa, mu duba masai, mu duba makwararar ruwa. Wanda ya ƙi gyarawa, sammaci ne zuwa gaban alƙali. Zamanin marigayi Buhari da Idiagbon, 1984 zuwa 1985, ranar tsaftar gari ko kai wane ne sai ka fito da tsintsiya. Yau ka ce wa yaro kada ya zuba shara a kwata, ubansa zai fito ya tambaye ka ko kwatar ta gidanku ce.

Kwamared Auwal:
Allah ya ƙara girma Baba, ai ka ƙarfafa maganata ne. Wa ya ɗauke ku aiki a lokacin? Wa ya ba ku ikon sammaci?

Baba Duba-gari:
Hukuma ce. Amma ba ita ke ƙulla maka kokon safe a leda ba.

Sista Rabi:
Maman Sadik, sannu da jinya. Su Baba su ci gaba da tasu, ga abin da ya shafe ki yau. Wutar bola ba ta ci da harshe, cin ciki take yi tana turnuƙewa, kuma irin wannan wutar ce ke fitar da ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, su wuce hanci da maƙogwaro su sauka can cikin huhu. In akwai roba irin ta bututun ruwa ko ɓawon wayar lantarki a ciki, tana fitar da guba mai suna dayoksin. Wannan tana sauka a ƙasa, ta shiga abinci, ta taru a kitsen jikin dabba da na mutum, kuma ba ta fita da wuri. Kajin da ke tono a tokar bola, har ƙwansu ba ya tsira. Mai asma, jariri, tsoho da mai ciki su ne ke fara jin jiki.

Da kin ji warin, ki rufe tagar ɓangaren da hayaƙin ke shigowa, abin shaƙarsa kuma ya kwana kusa da ke. In kika ga haƙarƙarinsa na lotsawa in yana jan numfashi, ko ya kasa haɗa magana, ko leɓensa ya sauya launi, kada ki jira gari ya waye, asibiti kawai.

Audu Mahauci:
Ni shaida zan bayar a kan leda. Sau da yawa za a kawo akuya ko saniya ta rame, ciki ya kumbura, mai ita ya ce ya yi magani har ya gaji. Muna farka tumbi sai mu tarar leda ta dunƙule da igiya da tsumma, ta cike wurin da abinci zai zauna. Dabbar cikin gari da ake saki ta yi kiwo a bola, da wuya ka yanka ba ka samu ba. Kuma sau tari akuyar ta matar aure ce da take tattali saboda bikin ɗiya.

Injiniya Kabir:
Audu, tunda ka fito da kanka, babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya fa?

Audu Mahauci:
Injiniya ka taɓa inda ke ciwo. Ni da kara da itace nake yi, amma ba zan rantse wa kowa ba. Taya kusan kyauta ce, wutarta ba ta mutuwa da wuri. Itace kuwa ka san kuɗinsa.

Sista Rabi:
Baƙin da taya ke manna wa ganda da kai, kankara da wanki ba sa fitar da shi duka. Kuma kafin mai ci, yaran da ke tsaye kan wutar tun asuba su ne suka fi kwasa. Malam Audu, ku da kuke da sarkin fawa da tsari, wannan a cikinku za a iya hana shi ba sai an jira kowa ba.

Injiniya Kabir:
Ni abin da ya fi tsorata ni damina ce. Ledar da ba a ƙona ba kwata take tafiya, ta haɗu da robar lemo da yashi ta toshe ƙarƙashin gada. Ku tuna Jibiya, watan Yuli na 2018: ruwan dare ɗaya, mutum sama da 40 suka rasu, gidaje ɗaruruwa suka rushe, unguwannin da ke kusa da rafi su suka fi jin jiki. A nan cikin birni kuwa muna yin wani ganganci da kududdufai. Kakanninmu ƙasar gini suka ɗiba a wuraren, amma ramukan sun zama ma'ajiyar ruwan sama. Unguwa ta juye ruwanta a ciki, ya tsotse a hankali, rijiyoyi su samu. Yanzu sai a yi shekaru ana cika kududdufi da shara, a zuba jar ƙasa a sama, a yanka fuloti a sayar. Ruwan bai san an sayar ba. In ya zo bai samu wurinsa ba, gidan wani zai shiga. Ginin da aka ɗora kan shara kuma tushensa zama yake yi, bayan 'yan shekaru bango ya tsage.

Kwamared Auwal:
Wa ya sa hannu a takardar fulotin?

Injiniya Kabir:
Da wanda ya sa hannu, da wanda ya saya alhali ya taso yana ganin agwagi na iyo a wurin, kowa ya amsa nasa.

Hajiya Turai:
Injiniya, kududdufin da kake yabo ai shi ne gidan sauro. Mu da muka tashi a bakinsa mun san abin da muka sha duk damina. Ni da aka cike namu har godiya na yi.

Sista Rabi:
Hajiya kina da gaskiya, amma da sauran magana. Sauron da ke fitowa daga kwata mai wari yana kuka a kunne, yawancinsa ba shi ke kawo maleriya ba. Mai kawo ta ya fi son ruwa mai ɗan haske wanda rana ke bugawa: sawun tayar mota, ramin da aka ɗebi ƙasa, tankin masu buga bulo, gefen kududdufi mara zurfi. A irin zafinmu, kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwai ya zama sauro. Kenan ramin da magini ya bari a ƙofar gida ya isa ya wadata layi guda, ko babu kududdufi. Nijeriya kaɗai tana ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya. Maganin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 duk wata da damina, Katsina na cikin jihohin da aka fara gwada shi a 2013. Don Allah iyaye mata a riƙa karɓa, a kuma cika kwana ukun, ba a ba yaro na ranar farko a cusa sauran bayan kwalla ba.

Baba Duba-gari:
Sauro da sauƙi a kan amai da gudawa. A 2021 mutum sama da 100,000 suka kamu a ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu, Katsina na cikin jihohin da ta taɓa sosai. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce a bar mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma masai ya kasance ta gangare. To yanzu gida ɗaya an raba gado kashi huɗu, kowa ya haƙa masansa ya haƙa rijiyarsa. Masanka jingine da rijiyar maƙwabci, katanga ce kawai tsakani, ita kuwa katanga ba ta kai ƙarƙashin ƙasa. Ga masu jiran hadari ya haɗo su buɗe masai cikin kwata da daddare, suna ganin ruwa zai rufa masu asiri. Bututun famfo kuma da yawansu cikin kwatar suke kwance. In bututu ya tsage, lokacin da ake da ruwa yana fesowa waje, da an ɗauke sai ya zuƙo na kwatar ciki. Ranar da aka dawo da ruwa, wannan ne ke fara zuwa bokitinka.

Sista Rabi:
A ajiye wannan: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri. A fara ba mai gudawa tun a gida, ana ba shi ana tafiya asibiti. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kashewa, wani lokaci cikin yini guda.

Malam Ilu:
Allah ya saka da alheri. Ni abin da ke ba ni kunya, duk wannan yana cikin karatun da muke yi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a guji abubuwa biyu masu jawo tsinuwa: yin bahaya a kan hanyar mutane ko a inuwarsu. Wanda ya saki masansa a kwatar da ta ratsa ƙofar gidaje ashirin, a ina ya faɗa? A Suratur Rum, aya ta 41, an gaya mana ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Amma mu masu wa'azi ma a duba mu. A tashi daga wurin tafsiri ko walima, ka ga filin ya yi fari fat da ledar ruwa, kowa ya kaɗe riga ya tafi. Bakin masallatai da yawa, ruwan alwala kwance yake ya yi kore.

Shugaban Zaure:
Kafin zance ya yi nisa. Maman Sadik, maigidanki ya samu mai unguwa tare da mutum biyu ko uku na layin. A wasu layuka an shirya da yara masu kura, kowane gida na ba da ɗan wani abu a mako suna kwashewa. Sharaɗi ɗaya: a san inda suke kaiwa, don wasu kwana ɗaya kawai suke sha su juye a rafi.

Injiniya Kabir:
Rafin kuwa Ginzo ne. Kusan duk abin da kwatocin birni suka kwaso can yake gangarawa, ya bi ta Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi. Ku je da rani ku ga abin da ake shayarwa da shi.

Sani Mai Lambu:
Dama na san za a zo kanmu. Ina karantawa tun ɗazu ina jira. Kakana a nan ya yi lambu, mahaifina ma haka. Da rani wane ruwa ke gudu a garin nan in ba shi ba? Latas, kabeji, alayyafo, albasa mai lawashi da kuke rububi da azumi, kuna tsammani daga ina suke fitowa da arha haka? In kun ce mu bari, a haƙa mana burtsatse a sa mana sola, gobe mu bari. Sannan ruwan nan ba mu muka ɓata shi ba. Daga gidajenku ya fito, da na masu wankin mota, da baƙin man da makanikai ke tuttulawa, da batiran da ake jefarwa. Ku zubo mana, mu mayar maku a faranti, sannan ku zage mu.

Hajiya Turai:
Innalillahi. Ni da nake haɗa kwaɗon latas kullum da shan ruwa.

Haruna Daura:
Malam Sani, ba zagi ba ne, kuma ba wanda ya isa ya ce ku tashi. Ni malamin gona ne, na san ruwan na ɗauke da taki, shi ya sa ganyenku ke yin kore shar. Amma akwai abin da ke hannunku wanda ba ya cin kuɗi. A daina watsa ruwan a kan ganye, a bi da shi ta kwari ya shiga ta saiwa. A haƙa ɗan rami a gefe ruwa ya kwana ya kwanta kafin a ɗiba, ƙwan tsutsar ciki nauyi gare shi, ƙasa yake zama. A tsayar da ban ruwa kwana biyu ko uku kafin cira, rana na kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Mafi muni kuma shi ne wanke kayan a cikin rafin bayan an cire don su yi sheƙi a kasuwa. Wannan kam a bari.

Sani Mai Lambu:
Na wanki da na rami na yarda. Amma latas ya kwana uku ba ruwa a watan Afrilu? Malam Haruna, ko dai a Daura rana daban take? Ranar farko zai langaɓe, dillali ya ce rabin kuɗi.

Haruna Daura:
To ka yi wa kabeji da albasa, su suna jurewa. Latas ko kwana ɗaya ne ya rage wani abu.

Sista Rabi:
Hajiya Turai, kada ki daina cin ganye, jiki na buƙatarsa. Ki ɓare shi ɗaya-ɗaya, ki yar da na waje, ki wanke da ruwa mai kyau sau da yawa, in da ruwan kal ki jiƙa a ciki. Abin da za a dafa kamar alayyafo ba shi da matsalar ƙwayoyin cuta. Abin da wanki da dahuwa ba sa cirewa shi ne gubar ƙarfe irin dalma, in shuka ta riga ta zuƙa.

Ita dalma kuwa ba sai an ba mu labarin nesa ba. A 2010, nan maƙwabtanmu Zamfara, ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega: ana kawo dutsen zinariya cikin gida ana daka ana niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani. A 2015 aka sake yi a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Mu a birni ba ma niƙa dutse, amma ana fasa tsohon batirin mota da na sola a cikin unguwa, a zubar da ruwansa a ƙasa, a narka dalmar yara na kallo. Wani kwallin ma da ake ranbaɗa wa jarirai akwai dalma a ciki. Ba ta sa zazzaɓi balle a farga, ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa a hankali.

Haruna Daura:
A ƙara da masu zuba fiya-fiya a buhun wake. Saboda irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Su sun ƙi, mu muka cinye. Alhali buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwari ba tare da ɗigon magani ba, in an ɗaure shi da kyau.

Shugaban Zaure:
A bar wake sai wani zama, wannan kaɗai zai ci dare.

Hajiya Turai:
To ni bari in tona namu na mata. Muna kukan hayaƙin bola, amma wanda muke shaƙa a madafi fa? Da na koma gas na ce na rabu da hawaye. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gas ya fi ƙarfin albashi, na dawo gawayi, ranar da baƙi suka yi yawa kuwa itace. Kuma ba ni kaɗai ba, duk layinmu kurfoti ya dawo.

Sista Rabi:
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 3 ke mutuwa a shekara saboda hayaƙin girki a cikin gida, mata da ƙananan yara su ne gaba. Uwa na hura wuta, jariri na goye a baya, hancinsa daidai inda hayaƙin ke tashi. Ciwon haƙarƙarin yara da muke gani, da tarin tsofaffin mata da ba su taɓa riƙe taba ba, da yawa daga nan ne. Gawayi ya fi itace ƙarancin hayaƙi, amma yana da tasa illar: iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi. Kaskon wuta a ɗakin mai jego da hunturu, ƙofa da taga a rufe, ko janareta a soro, haka ake wayar gari a tarar da mutane ba rai a ce aljanu ne.

Tasi'u Mai Gawayi:
Yanzu kuma layi ya zo kaina kenan. Ni saye nake in sayar, ban taɓa sare ko reshe ba. Nawa daga kudu ake kawo mani a mota, don nan kusa ba sauran dajin da zai ba da gawayi mai nauyi. Kuma a daina ganin mu kaɗai. Gidan burodi ɗaya, kututturan da yake ci a mako ku je ku gani. Masu tsire, masu shayi, makarantun kwana. Wankan jego na kwana 40 kuma, Hajiya, itace nawa yake ci?

Hajiya Turai:
Tasi'u, ka fita harkar jego, ba huruminka ba ne.

Haruna Daura:
Tasi'u ya faɗi gaskiya ba da niyya ba: nan kusa babu sauran dajin. Buhu ɗaya na gawayi sai an ƙona itacen da ya ninka shi nauyi sau biyar ko fiye, kuma ba kowane ice ake so ba, sai masu tauri irin ƙirya da marke, waɗanda kafin su girma yaro ya zama magidanci. Ku zo wajenmu, Mai'aduwa, Zango, Baure, ku tambayi dattawa ina ɗorawa da kaɗanya da tsamiyar da suka tashi suka gani. Gonar da ba itace, iskar farkon damina na kwashe ƙasar sama ta binne gero yana ɗan tsiro, sai an sake shuka. Ƙurar kuma a ƙirjinmu take ƙarewa.

Ba wai ba a yi ƙoƙari ba. Layukan bedi da turare da kuke gani a arewacin jiha, da yawansu na aikin dashen itatuwa ne da Tarayyar Turai ta tallafa tun wajen 1987. Ga shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, Katsina na cikin jihohi 11 da yake aiki a Nijeriya. Amma dashe na da wuya a ƙasarmu. A dasa da Agusta a ɗauki hoto, kafin Maris akuya da rana sun gama da mafi yawa.

Abin da ya fi burge ni yana tsallaken iyaka. Ka wuce Kwangwalam ka nufi Matamaye, ko ka shiga ƙasar Magarya, gonaki cike da gawo. Ba dasa su aka yi ba. Wajen 1983, a yankin Maraɗi, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da manoman wurin suka lura kututturan da ake sassabewa duk shekara ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Maimakon a sare duk tohon a ƙone, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Suna ce masa sassabin zamani. Tunda saiwar tsohuwa ce ta riga ta kai ga danshi, ba ban ruwa, ba sayen iri. An ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a Nijar ta haka. Gawo kuwa kun san halinsa: da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Rassan da ake datsewa duk shekara su ne itacen girkin gida.

Kwamared Auwal:
To me ya hana mu? Ƙasa ɗaya, yare ɗaya, gero ɗaya.

Haruna Daura:
Kwamared, a nan kam zan ba ka rabonka. Abin da ya sa ya karɓu a can, manomi ya samu tabbacin itacen da ya raina a gonarsa nasa ne. Da can na gwamnati ne, ka datse reshe malamin daji ya ci ka tara, don haka kowa ya gwammace ya kashe shi tun yana toho. Da aka sassauta wannan, kuma ƙauyuka suka kafa dokar hana sata a tsakaninsu, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Mu a nan, wanda ya karɓi gona aro ko haya ba zai raini itacen da ba shi zai mora ba. Wani kuma zai ce maka itace na tara tsuntsaye su cinye masa gero. Yankunan da ke bakin dajin Rugu ma ba a maganarsu, wanda bai iya zuwa gonarsa ba ina shi ina renon gawo.

Baba Duba-gari:
Haruna, ina da 'yar gona a hanyar Kaita, sabara da kalgo sun cika ta, duk shekara biya nake a sassabe a ƙone. Akwai gawo ƙanana ma da yara ke tumɓukewa. In gaskiya ne abin nan ba ya cin kuɗi, ka zo ka nuna mani kafin shuka.

Haruna Daura:
Da izinin Allah Baba, zan shigo ranar Asabar ta sama. Ka gaya wa yaran kada su sa wuta kafin in zo. A tanadi adda mai kaifi, don in ta dakushe tsaga reshen take yi ya ruɓe. Sai jan tsumma da za mu ɗaura wa waɗanda muka zaɓa, don masu huɗa da shanu su gani su kauce.

Tasi'u Mai Gawayi:
Jan tsumman zai nuna wa masu huɗa, zai kuma nuna wa masu gatari. Baba, ka fara shiryawa da maƙwabtan gonar tukuna.